AKWATI ƊAYA NA LITTATTAFAI A KOWACE EKKLESIYA

Jawabin da aka gabatar wa wakilan ekklesiyoyi a zaman rana na taron shekara

   

GABATARWA

Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin magana a kan son karatu da ɗakin karatu. Da muka ga kan maganar, sai muka ce a ranmu, anya wannan ba zancen mutanen birni ba ne? Yawancinmu daga ƙananan ekklesiyoyi muka fito, inda rufin majami'a ma yoyo yake yi, baikon wata guda kuwa bai kai kuɗin buhun taki ba. Ina mu ina laburare? Amma da muka tuna da wani abu da muka gani da idonmu bara, sai muka ga lalle maganar tamu ce. Da shi za mu fara.

KABAD ƊIN DA AKA KULLE

Mun kai ziyara wata ƙaramar ekklesiya a ƙauye, wadda ba za mu ambaci sunanta ba, gama abin da ya same ta yana iya samun kowannenmu. Bayan sujada aka shigar da mu ɗan ɗakin da ke bayan majami'a mu sha ruwa. A lungu muka ga wani kabad na katako da kwaɗo a jikinsa, duk ya yi tsatsa. Muka tambaya me ke ciki. Aka ce littattafai ne da waɗansu baƙi suka kawo kyauta wajen shekara ashirin da suka wuce. Makulli yana hannun wani dattijo, dattijon kuwa ya rasu shekara uku ke nan, ba a ga makullin ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin ɓalle kwaɗon.

Da izinin fasto aka kawo guduma. Da aka buɗe, ƙasa ce ta zubo. Gara ta bi ta bayan kabad ta gama da su kakaf, sai bango-bango kawai suka rage. Kowa ya yi shiru.

Kada mu ga laifin wannan dattijo. Mutum ne mai girmama littafi. Tsoronsa shi ne kada yara su yaga, kada su zuba wa littafi miya, kada wani ya ɗauka ya ƙi mayarwa. Saboda haka ya kulle, ya riƙe makulli da aminci har ranar mutuwarsa.

Muna tsaye sai wata mata daga zumunta ta ce, cikin jin kunya, akwai ɗaya a gidanta. Tana yarinya ta ara, ta ji tsoron mayarwa domin bangon ya cire. Aka aika yaro ya kawo. Littafin labarai ne na Hausa, ya yi baƙi da dattin hannu, an ɗinke shi da zare sau biyu. Ta ce ita ta karanta, 'ya'yanta biyar sun karanta, 'ya'yan maƙwabta ma sun karanta. Cikin littattafan kabad ɗin nan duka, wanda aka ara ba a mayar ba shi kaɗai ya tsira, shi kaɗai kuma ya yi aikin da aka kawo shi ya yi.

'Yan'uwa, idan kun manta da dukan abin da za mu faɗa yau, ku riƙe wannan: littafin da ke yawo a hannun mutane ya fi wanda aka kulle tsawon rai.

KARATU A RAYUWARMU TA YAU DA KULLUM

Waɗansu suna ɗauka karatu na ɗan makaranta ne, da zarar an gama jarrabawa an huta. Bari mu duba yinin mutum ɗaya a ƙauyenmu. Da safe uwa za ta ba yaro magani, a jikin kwalba an rubuta cokali nawa, sau nawa a rana. Da hantsi manomi zai haɗa maganin feshi, a jikin gora an rubuta awon da ya kamata da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin. Da rana saƙo zai shigo waya wai daga banki, ana neman lambar sirri. Da yamma yaro zai kawo takardar sakamako daga makaranta. Wata rana kuma za a kawo takardar jinginar gona a ce a dangwala yatsa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, wanda bai iya karatu ba yana hannun wani ne. Idan wanda ya karanta masa mai gaskiya ne, to, madalla. Idan kuwa ba haka ba, gona ta tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kusan kowa a nan ya san wani gida da haka ta faru.

Akwai kuma bambanci tsakanin iya karatu da son karatu. Mutum yana iya koyon baƙaƙe a makaranta, amma idan ya shekara biyar bai buɗe littafi ba, karatun zai dakushe kamar fartanyar da aka bari a bayan ɗaki. Abin da ke wasa shi kullum shi ne sha'awa, wato mutum ya ɗauki littafi ba don malami ya tsare shi da bulala ba, sai don yana so ya ji yadda labarin zai ƙare. Yaron da ya saba da karatu don daɗi, idan ya shiga ɗakin jarrabawa tambaya ba ta ba shi tsoro, gama idonsa ya saba da takarda.

A shekarar 2022 Bankin Duniya tare da waɗansu hukumomi sun fitar da rahoto cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Kada mu ce wannan lissafin waɗansu ne can. Ranar Lahadi mai zuwa, kowane malamin makarantar Lahadi ya miƙa wa yaron aji biyar littafi ya ce ya karanta layi uku, sa'an nan ya faɗi abin da ya karanta. Abin da za mu ji zai ishe mu wa'azi.

GADON DA MUKA TARAR

Son littafi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun kafin zuwan boko malamai suna rubutu da ajami, suna adana littattafai a gafaka, ɗalibi yakan yi tafiyar kwanaki domin ya kwafi littafi ɗaya da hannu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙin koyarwa, ta kuma aika jajis zuwa ƙauyuka su koya wa mata. A Timbuktu ta ƙasar Mali, iyalai ne suka riƙe tsofaffin rubuce-rubuce shekaru aru-aru. Da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, mutanen gari suka riƙa zuba littattafan a akwatunan ƙarfe suna fitar da su a ɓoye, a mota da cikin jirgin ruwa, zuwa Bamako. An ƙone waɗansu dubbai a farkon 2013, amma mafi yawa sun tsira, domin suna hannun mutane da yawa masu ƙaunarsu.

Ta wajenmu kuma, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Wusasa yana cikin waɗanda suka sha wahalarsa. Kakanninmu da yawa a dalilinsa suka koyi karatu suna manya, da dare, a gaban fitilar aci-balbal, bayan sun yini a gona. A ƙauyuka da dama mai bishara shi ne malamin karatu na fari, shi ne kuma mai karanta wa gari wasiƙa.

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar a jerin littattafan farko da hukumar ta buga shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East. Matasa ku ji da kyau: tun ranar da aka haifi ƙagaggen labari na boko da Hausa akwai hannun ɗan ekklesiya a ciki. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, mutum ɗaya yakan saya, goma su kewaye shi a gindin bishiya yana karanta musu. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a ko'ina cikin Arewa. A lokacin ne kuma laburaren Jihar Arewa da ke Kaduna ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e da makarantu, a karanta a mayar, a kawo waɗansu.

Ashe shawarar da za mu kawo yau ba sabuwa ba ce. Iyayenmu sun yi, ba lantarki, ba kwalta, ba waya. Mu ne muka sake.

MISALAI UKU DAGA NESA

Na fari, Andrew Carnegie. An haife shi a 1835 a Sikotland, ɗan masaƙi ne. Talauci ya kai iyayensa Amurka a 1848, ya shiga aikin masaƙa yana yaro, daga baya ya zama ɗan aike mai kai telegiram. A garin akwai wani mutum, Kanar James Anderson, mai littattafai wajen 400 a gidansa. Kowace Asabar yakan buɗe ƙofa wa yara 'yan ƙwadago, su ari littafi ɗaya su mayar mako mai zuwa. Carnegie yana cikinsu. Da ya girma ya zama hamshaƙin attajiri, sai ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu fiye da 2,500 a ƙasashe dabam-dabam. Ba Carnegie muke so ku kalla ba, gama ba mu da irin kuɗinsa. Ku kalli Anderson, mutumin da ya buɗe ƙofar ɗakinsa ran Asabar.

Na biyu, William Kamkwamba na ƙasar Malawi. Bayan yunwar 2001 iyayensa suka kasa biyan kuɗin makarantar sakandare, ya dawo gida. Maimakon zaman kashe wando, sai ya riƙa zuwa wani ɗan ƙaramin laburare a makarantar firamare ta yankinsu. A nan ya ga littafin kimiyya mai hoton injin da iska ke juyawa. Turancinsa bai yi ƙarfi ba, zane-zanen ya riƙa bi. Da tarkacen keke da bututun roba da fankar tsohuwar tarakta ya haɗa nasa injin a 2002, yana ɗan shekara 14, ya kunna ƙwan lantarki a gidan ubansa. A 2014 ya gama jami'a a Amurka. Da a ce an kulle wancan littafi a kabad don kada a yaga, da ba mu ji sunansa ba.

Na uku, Luis Soriano, malamin firamare a ƙasar Kolombiya. A ƙarshen shekarun 1990 ya ga yaran ƙauyukan da ke nesa ba su da littafi ko ɗaya a gida. Sai ya ɗora wa jakunansa biyu littattafai, ya riƙa bin ƙauyuka yana ba da aro, yana karanta wa yara a inuwa. Da littattafai 70 ya fara. Jaki dai ba mu rasa shi ba, babur ma ga su nan a ƙofar wannan ɗaki.

UZURORIN DA MUKE BAYARWA

Na ɗaya, mukan ce ba kuɗi. Gaskiya ne littafi ya yi tsada. Amma ku shiga gidajenmu ku duba ƙarƙashin gado da cikin tsofaffin jakunkuna. Littattafan 'ya'yanmu da suka gama makaranta suna nan ɓera yana ci, alhali ɗan maƙwabci da ke ajin bai da ko ɗaya. Idan gida talatin suka kawo littafi biyu-biyu, mun sami sittin ba tare da kashe ko sisi ba.

Na biyu, mukan ce ba lokaci. Da damina mun yarda. Amma bayan an kai amfani gida, awa nawa muke yi a teburin mai shayi? Minti goma sha biyar bayan tuwon dare ya isa a karanta shafi biyu.

Na uku, mukan ce waya ta lalata yara. Waya kamar wuƙa ce, tana yanka nama tana kuma yanka hannu. Akwai littattafai a cikinta, har da na Hausa, ɗalibi mai hankali yana amfana. Sai dai waya tana bukatar caji da data, kuma kana tsakiyar shafi saƙo zai shigo, bidiyo ya biyo baya, har dare ya raba ba ka koma ba. Littafin takarda ba ya katse ka. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yaron da bai taɓa ganin uwa ko uba riƙe da littafi ba, kullum sai waya, da wane baki za mu yi masa faɗa?

Na huɗu, waɗansu iyaye sukan ce mu ai ba mu yi boko ba. Baba, Mama, wannan ba ya hana. Ku ce wa yaro ya zauna ya karanta muku, ku saurara, ku tambaye shi me ya faru, ku yi dariya inda ya kamata. Yaron da ya ga karatunsa ya sa kakarsa dariya ba zai manta da wannan daren ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA MUKE ROƘO A YI

1. Kowace ekklesiya ta tanadi akwatin ƙarfe ɗaya. Ba sai an jira gina ɗaki ba. A ɗora shi a kan benci ko duwatsu, nesa da bango, saboda gara da laima. A sa busasshen ganyen darbejiya a ciki, a kuma riƙa fitar da littattafan su sha iska, musamman bayan damina.

2. A keɓe Lahadi ɗaya a matsayin ranar kawo littafi. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi. 'Ya'yanmu da ke aiki a birni, a rubuta musu, idan za su zo Kirsimeti kowa ya riƙo littafi ɗaya tare da shinkafar.

3. A gauraya. A sa littattafan ruhaniya, a sa na labaran Hausa irin su Magana Jari Ce, a sa na makaranta da tambayoyin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB na shekarun baya, a sa na noma da kiwo da kiwon lafiya, da ƙamus ɗaya. Kada a manta da masu hotuna domin ƙananan yara. Dattawa su duba abin da ake sawa, amma kada tsoro ya sa a cika akwati da abin da fasto kaɗai zai iya karantawa.

4. A ba mutum biyu makulli, ɗaya daga matasa, ɗaya daga zumuntar mata. A zaɓi masu fara'a waɗanda yara ba sa jin tsoronsu.

5. A buɗe akwati aƙalla sau biyu a mako, ran Lahadi bayan sujada da wata rana da yamma. A sami littafin rajista a rubuta sunan mai aro da sunan littafi da rana. Aro mako biyu ne.

6. Idan littafi ya yage, a ɗinke, a yi masa riga da takardar buhun siminti yadda muka yi muna yara. Kada a kunyata yaro a gaban jama'a saboda littafi, gama ba zai ƙara dawowa ba. Mu sa a ranmu tun yanzu cewa waɗansu za su ɓace. Wannan asara ce da za mu iya ɗauka.

7. Ekklesiyoyi uku ko huɗu da ke kusa da juna su riƙa musayar akwati bayan kowane wata uku. Da haka mai littafi sittin zai karanta wajen ɗari biyu a shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. Akwatin na gari ne duka. Ɗan maƙwabcinmu, ko wane addini yake bi, idan ya zo neman littafin lissafi ko na labari, a ba shi da murna, a rubuta sunansa kamar na kowa. A rijiya ɗaya muke ɗibar ruwa, a kasuwa ɗaya muke ciniki, jarrabawa ɗaya kuma 'ya'yanmu suke rubutawa.

9. A tuna da ranar 23 ga Afrilu, wadda hukumar UNESCO ta keɓe tun 1995 domin littafi. A makon nan a shirya karatu a fili, yara su karanta, tsofaffi su ba da tatsuniya, matasa kuma su rubuta ta a littafi a sa cikin akwati, domin idan tsoho ya tafi kada labarinsa ya bi shi.

KAMMALAWA

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa Manzo Bulus, yana tsare a kurkuku cikin tsufansa, da ya rubuta wa Timoti ya roƙa a kawo masa mayafinsa da littattafansa. Sanyi ya dame shi, rashin abin karantawa ma ya dame shi. Idan mutum irin wannan bai ga ya wuce karatu ba, wane ne a cikinmu ya wuce?

Waccan ekklesiya da muka ba ku labarinta, kafin mu taso sun fitar da kabad ɗin sun ƙone saboda garar. Matar nan ta ce littafin da ke hannunta shi zai zama na ɗaya a sabuwar rajista, ta kuma roƙi gafarar jinkirin shekara ashirin. Aka yi dariya, aka yafe mata, aka kuma ba ta makulli.

Roƙonmu shi ne, idan Allah ya kai mu taron baɗi, kowane wakili ya zo da littafin rajistarsa a hannu. Ba za mu tambayi littafi nawa kuke da shi ba. Za mu tambayi mutum nawa suka ara. Akwatin da littattafansa suka yi datti, suka sha ɗinki, shi za mu tafa wa.

 Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. Amin.